Kome Nisan Jifa: Ziyararmu Ga Igwar Tsibirin Gore

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tun muna aji ɗaya muke jin labarin tsibirin Gore na ƙasar Sanagal, amma duk wanda ya ɗauko mana labarinsa da Gidan Bayi yake farawa, a nan kuma yake tsayawa. Saboda haka da Allah Ya nufe mu da zuwa birnin Dakar a hutun ƙarshen zangon bara, mu shida daga wannan sashe tare da malaminmu, babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da zai fi tsaya mana a zuciya, har ya haddasa mana gardamar da muka kwana muna yi, shi ne wasu tsofaffin igwa guda biyu da tsatsa ta ci ƙarfinsu a kan tudu.

Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar muka shiga jirgin fito, tafiyar kimanin minti 20. Tsibirin ɗan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, kuma babu mota ko ɗaya a cikinsa. Da muka kusato, sai muka ga jirgin ya yi kwana ya kewaye wata alama da ke yawo a kan ruwa. Malam ya ce mana a ƙarƙashinta akwai gawar wani jirgin dakon kaya mai suna Tacoma, wanda ya nitse a faɗan 1940. Ba mu kula da maganar ba, don hankalinmu yana kan gidaje masu jan fenti da ruwan ɗorawa da ke jere a bakin gaɓa.

Abin da ya fara tarbar mu a arewacin tsibirin shi ne wani zagayayyen ginin soja da ake kira Fort d'Estrées, wanda Faransawa suka gina a shekarun 1850 domin tsaron mashigar Dakar, yanzu kuwa gidan tarihi ne. A nan muka karanta yadda tsibirin ya sha sauya hannu. Mutanen Fotugal ne suka fara isa gare shi daga Turai a 1444. Daga baya mutanen Holan suka mallake shi, su ne ma suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, suka kuma gina sansani a kan tudun kudu. Faransawa suka ƙwace shi a 1677, Ingilishi suka karɓe fiye da sau ɗaya, kafin ya tabbata a hannun Faransa a 1817. Kowane mai sabon iko, abin da yake fara yi shi ne ya ɗora igwarsa inda wanda ya kora ya ɗora tasa. Daga nan muka shiga Gidan Bayi, muka fito jiki a sanyaye, babu mai iya ce wa ɗan'uwansa uffan.

Da yawanmu mun so mu koma bakin jirgi daga nan. Malam ya ce a'a, saura hawan tudu. Muka bi wata hanya mai jerin kukoki, masu zane sun baje kolinsu dama da hagu, har muka kai saman tudun baƙin dutsen da ake kira Castel. Muna yin kwana sai ga su: hanci biyu na ƙarfe a jere, sun miƙe suna duban teku, suna zaune a cikin wani ƙaton rami na kankare. Faɗin bakin kowace milimita 240 ne. An ƙera irinsu da tsawon kimanin mita 12, harsashi guda kuwa ya haura kilo 200, wato ya fi buhun masara biyu nauyi. Asalinsu ma ba na tudu ba ne. Daga jikin wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Vergniaud aka ciro su bayan ya tsufa, aka kawo su nan tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A kewayensu akwai ɗakin da ake auna nisan jirgin abokan gaba, da matakalai masu gangarawa zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye albarushi.

Ɗaya daga cikinmu ta tambaya, ta ce, "Allah Ya gafarta Malam, wa aka harba da waɗannan?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Abin mamakin ke nan. Faransawa ne suka harbi Faransawa da abokansu."

Muka zauna a kan kankaren, ya warware mana zare da abawa. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Faransawa suka rabu biyu: gwamnatin Marshal Pétain da ke garin Vichy ta sasanta da Hitila, shi kuwa Janar Digol ya tsallaka Ingila ya ce yaƙi bai ƙare ba. Kowane gwamna a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da ya zaɓi ɓangare. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Digol a watan Agusta. Babban gwamnan Afirka ta Yamma kuwa, Pierre Boisson, wanda ke zaune a Dakar, ya tsaya tare da Vichy. Dakar ba ƙaramar ganima ba ce: tana da babbar tashar jiragen ruwa a kan Tekun Atilantika, sabon jirgin yaƙin nan Richelieu yana cikinta, sannan zinariyar baitulmalin Faransa da ta Beljiyam da ta Folan an ɓoye ta a yankin. Shi ya sa Cocil da Digol suka haɗa rundunar jiragen ruwa, suna zaton da mutanen Dakar sun hango ta za su miƙa wuya.

Ranar 23 ga Satumba, 1940, rundunar ta iso, sai ta tarar da hazo ya rufe teku. Waɗanda aka so a tsorata ba su ma ga abin tsoron ba. Manzannin da Digol ya aika aka kore su da harbi. Daga nan igwar bakin teku, har da ta wannan tudu, ta buɗe wuta tare da ta Richelieu. Aka illata jirgin Ingila mai suna Cumberland, yunƙurin sauke sojoji a Rufisque ya ci tura. Aka kwana biyu ana musayar wuta, harsasai suna faɗawa cikin unguwannin Dakar suna kashe talakawan da ba su san hawa ba balle sauka. Ranar 25 ga wata wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Vichy ya narka wa babban jirgin Ingila Resolution nakiya, dole rundunar ta juya. Kwana uku ke nan, kuma su ne kwanakin da aka san wannan igwa da su a tarihi.

Har zuwa nan, labari ne muke saurare irin na faɗan da babu ruwanka, mai daɗin kallo. Sai abokinmu ɗan Jibiya, wanda tun da muka hau tudun bai yi magana ba, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ashe ke nan da an ci Dakar a ranar, da Nijar ma ta koma ɓangaren Digol?"

Malam ya ce, "Haka ake kyautata zato, domin daga Dakar ake juya Nijar a lokacin. Da aka kasa, sai ta zauna a hannun Vichy har watan Nuwamba na 1942."

Abokin namu ya yi shiru, sannan ya ba mu labarin kakarsa. 'Yar Maraɗi ce aka auro ta zuwa Jibiya ana gab da yaƙin Hitila. Takan ce akwai wasu shekaru biyu da hanya ta mutu, Nasaran Katsina da Nasaran Maraɗi suka zama abokan gaba, aka hana fatauci, aka zuba sojoji a kan iyaka, ba mai ƙetarawa sai ɗan fasa-ƙwauri ko mai gudun aikin tilas, shi ma cikin dare. A cikin waɗannan shekaru mahaifiyarta ta kwanta ciwo ta rasu, tafiyar da ba ta wuce yini biyu a ƙafa ba, amma ba ta samu ganinta ba, labarin ma sai bayan an yi sadakar arba'in ya iso mata. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san dalilin rufe hanyar ba. Ya ce, "Yau ga ni zaune a kan dalilin."

Jikinmu ya sake yin sanyi, amma wani irin sanyi dabam da na Gidan Bayi. Malam ya ƙara mana da cewa a daidai wannan lokaci ne filin jirgin saman Kano ya zama zango a kan hanyar jiragen yaƙin Ingila, waɗanda ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, su bi ta Kano da Maiduguri su ratsa Cadi zuwa Hartum da Alƙahira. Ashe harbin da aka yi a bakin teku, nisan dubban kilomitoci daga ƙasar Hausa, ya raba uwa da 'ya a tsakanin Katsina da Maraɗi. Lalle kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo, sai dai mai jifan ba ya sanin kan wanda zai faɗa.

Muna cikin haka sai wani dattijo ya fito daga ɗaya daga cikin matakalan nan, da buta a hannunsa. Ashe ɗakunan albarushin mutane ne ke zaune a cikinsu, wasu masu zane, wasu da iyalansu. Ga igiyar shanya an ɗaura, ga yara suna hawa ƙarfen suna dirowa. Muka gaishe shi, abokinmu mai jin Faransanci ya yi mana tafinta. Muka ce, "Baba, ba ka jin tsoron kwana a ƙarƙashin wannan abu?" Ya yi dariya ya ce abin da ba ya cizo ba a tsoronsa, shi dai ya san ɗakin yana da sanyi lokacin zafi, kuma ruwan sama bai cika damun sa ba. Ya nuna mana hanyar tsohon masallacin dutse da ke gindin tudun, ya wuce abinsa don yin alwala.

A masauki gardama ta kaure. Wasu daga cikinmu suka ce wannan ƙarfe ba shi da wata daraja a wurin ɗan Afirka. Ba don kare mutanen Gore aka kafa shi ba, don kare mulkin mallaka ne. Suka tuna mana cewa a Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka bindige sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi, don kawai sun nemi haƙƙinsu. A ganinsu gara a kira 'yan gwangwan su yanka shi a auna a kilo, a huta da ganinsa. Wasu kuma suka ce a bar shi, tunda hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978, kuma baƙi na kawo kuɗi.

Wanda ya kashe bakin gardamar shi ne ɗan Jibiya, wanda ya fi kowa dalilin ƙin wannan igwa. Ya ce shi bai damu da kuɗin baƙi ba. Abin da ya sani shi ne, da an narkar da ƙarfen nan shekaru 50 da suka wuce, da babu abin da zai sa mu hau tudu, da Malam bai ba da labari ba, da shi ma ya mutu bai san abin da ya hana kakarsa ganin mahaifiyarta ba. Ya ce mai laifi ne ke son a share sawu, wanda aka cuta kuwa shaida yake nema.

Wannan magana ta sa muka dubi kanmu. A 1903 igwar Nasara ta fasa ƙofar ganuwar Kano. Yau mu da kanmu muke ɗibar ƙasar badala muna yin bulo, muna yanka filaye a kanta. Haka abin yake a Katsina da Zariya da sauran biranenmu. Muna zargin baƙo da rushe mana tarihi, alhali abin da ya bari a tsaye mu ne muke ƙarasa shi da hannunmu. Idan jikokinmu suka tambaye mu inda aka yi abu kaza, da me za mu nuna musu?

Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a watan Disamba na 2023, sun kuma miƙa sansaninsu na ƙarshe a Sanagal a watan Yuli na 2025. Igwar Castel kuwa tana nan inda suka bar ta, gishirin teku yana cin ta sannu a hankali. Muna roƙon duk ɗan wannan sashe da Allah Ya kai shi Gore, idan ya fito daga Gidan Bayi kada gajiya ta hana shi hawan tudun. Kafin nan kuma, idan ya je hutu gida, ya zauna da tsofaffinsa ya tambaye su abin da suka gani, ya rubuta tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu amfana da abin da suka bari.