Jatan Landen da Ba a Ci

A unguwar Mong Kok ta birnin Hong Kong akwai titin Tung Choi, inda ake cin kasuwar kifin ado. Ledojin ruwa ne rataye a ƙofofin shaguna, kowace da kifinta da farashinta. Sai ka kutsa ciki za ka tarar da masu jatan lande, sun kafa ido a akwatunan gilashi suna duban halittar da da kyar take kai santimita 3. Mu busasshensa muka sani, wanda ake dakawa a zuba a miya. Nan kuwa launinsa ake saye.

A rafukan kudancin Sin, inda asalin wannan irin yake, ba shi da wani kyan gani, launinsa dishi-dishi ne don ya ɓuya wa kifi. A shekarun 1990 wani ɗan Japan, Hisayasu Suzuki, ya tsinci 'yan jajaye cikin dubban baƙaƙen da yake kiwo. Ya ware su, ya yi ta haɗa ja da ja har launin ya zauna, ya sa musu suna Crystal Red. Yanzu har daraja-daraja gare su, daga C zuwa SSS, kuma abin mamaki, yawan fari ke ɗaga kuɗin, ba yawan ja ba. Wanda ke da jan ɗigo guda a farin baya Hinomaru ake ce masa, saboda kamarsa da tutar Japan. Masu kiwon Taiwan ma sun fito da nasu, baƙi wuluk da shuɗi.

Aikin duk tsince ne. Mace na ɗaukar ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta kusan wata guda, in sun ƙyanƙyashe mai kiwo ya bi su da ƙaramar koma yana fitar da duk wanda launinsa ya kauce. Ni a ganina an sayi kyan da tsada, don auren zumuncin da aka yi ta yi musu ya bar su da raki. Ruwa ya ɗan yi zafi ko gishirinsa ya sauya, sai a wayi gari sun mutu.

Wani irin kuma, Neocaridina, mai ja da rawaya da shuɗi, ya fi juriya, shi ake ba sabon shiga. Gargaɗinsa ɗaya ne: kada a haɗa launi biyu a akwati guda, don jikokinsu ruwan ƙasa za su koma, kamar kakanninsu na rafi.