Gargaɗin Tsohon Fada A Cikin Rami

Ɗaliban da suke kwana a makaranta za su tuna daren Asabar ɗin da muka nuna fim ɗin The Count of Monte Cristo a ɗakin cin abinci. Da aka kunna fitila wata yarinya daga aji biyar ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, tsohon nan ya ruɗe ne? Yaya za ka ce wa wanda bai yi laifi ba kada ya aikata laifin?" Na ce mata dare ya yi, ta je ta kwanta. Ga amsar da na riƙe mata.

Fim ɗin ya fito a 2002, an ɗauko shi daga littafin da Alexandre Dumas na Faransa ya fara bugawa a 1844. Edmond matuƙin jirgin ruwa ne, abokinsa Fernand ya haɗa baki da wasu aka yi masa sharrin cin amanar ƙasa, domin ya aure budurwarsa Mercedes. Aka jefa shi kurkukun Château d'If da ke tsakiyar teku, ya yi shekara 13. A can ya gamu da wani tsohon fada mai suna Faria, wanda ya koya masa karatu da lissafi da wasan takobi, suna haƙa ramin gudu tare. Rana ɗaya ramin ya rufta a kan tsohon. Kafin ya cika ya ba Edmond taswirar wata dukiya, ya gargaɗe shi kada ya aikata laifin da ake ɗaure da shi a kansa, ya kuma tuna masa cewa ramako na Allah ne. Wanda ya duba Romawa 12:19 zai ga inda ya samo wannan.

Yawancin masu kallo sun ɗauka cewa yake kada Edmond ya yi kisa. Ni ban ga haka ba. A kan cin amana aka ɗaure shi. Tsohon ya san wanda zai rama wa mai ƙarfi ba ya tunkarar sa gaba da gaba, sai ya sake suna, ya shiga gida da fara'a, a ba shi wurin zama. Haka kuwa aka yi. Edmond ya shirya aka sace Albert, yaron gidan Fernand, a birnin Rum, sa'an nan ya fito kamar shi ne mai ceto. Yaron ya ba shi zuciyarsa duka, shi kuwa tsani kawai ya mai da shi. Abin da Fernand ya yi masa ke nan, ba ragi. A fim ɗin har ya bayyana daga baya cewa Albert ɗan cikinsa ne, ko da yake a littafin ba haka ba ne.

Ba wayona ya nuna mini wannan ba. A makarantar da na fara koyarwa, wani abokin aiki ya shaida cewa ni na ci kuɗin jarrabawar yara. Aka dakatar da ni wata biyar ba albashi, matata tana da ciki. Gaskiya ta fito daga baya, amma bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Bayan shekara tara sai ga ɗansa a ajina.

Ban taɓa rage masa maki ko ɗaya ba, ina ma yabon kaina a kan haka. Jan sa na yi a jiki. Nakan aike shi, in ba shi littattafai, in tambaye shi, "Yaya Baba?" Yaro ba ya ɓoye wa malamin da yake ƙauna kome. Wata rana ya faɗa mini cewa babansa ya taɓa kuɗin ƙungiyar adashin da yake wa ma'aji, ya biya musu kuɗin makaranta, yana ta neman yadda zai mayar. A daren nan na rubuta wa shugabannin ƙungiyar wasiƙa, ban sa hannu ba. Na ce wa kaina gaskiya nake faɗa, ba irin tasa ƙaryar ba.

Wasiƙar tana aljihuna kwana uku sa'ad da na kalli fim ɗin nan a gidan wani maƙwabci. Da aka zo wurin da Albert yake gode wa wanda ya sa aka sace shi, sai na kasa ci gaba da kallo, na fita waje.

Akwai abin da ban yarda da fim ɗin a kai ba. Edmond ya gama ramuwarsa tsaf, ya sami matarsa da ɗansa da dukiyarsa, sa'an nan ya koma tsibirin yana cewa tsohon ya yi gaskiya. Tuba bayan an ƙoshi ba ta da wuya.

Ni dai na ƙone wasiƙar a murhu, matata tana tambayata ko takardar me ce. Yaron ya gama makaranta da sakamako mai kyau, yanzu ma'aikacin jinya ne, kowace Kirsimeti yakan kira ni ya ce Baba yana gaishe ni. Nakan ce ina amsawa. Har yau ban taka ƙofar gidan uban ba.