Jar Motata Mai Ƙofa Biyu

Mai karatu, yau dai alƙalamin da na saba caccakar daraktoci da shi kaina zan juya wa. Na sha rubuta cewa finafinanmu na ruɗar matasa da gidajen aro da motocin aro, yarinya ta kalla a ƙauye ta ce ita fa sai mai irin motar nan. Ashe baki ne kawai. Ni ma wani fim ya riga ya gama da ni tun ina ɗan shekara 11, sai dai nawa ba na Kano ba ne, daga Amurka ya zo.

A wani gidan kallo na langa-langa a Birnin Kudu, cikin 2008, lokacin ina zaune wurin Kawuna ina firamare, na fara ganin The Fast and the Furious, wanda ya fito tun 2001. Turancinsu ko ɗigo ban ji ba. Abin da na fito da shi a kaina shi ne Toyota Supra mai launin lemo da Paul Walker ya tuƙa, da kukan injinta. Kafin nan fim ɗin Dhoom na 2004 ya riga ya mayar da duk yaron unguwarmu mai keke John Abraham a kan Suzuki Hayabusa. Ni babur bai dame ni ba. Mota nake so, gajeriya, mai ƙofa biyu, 'yar Japan.

Kada ka yi mini dariya, don ba ni kaɗai fim ya yi wa haka ba. Honda Accord ɗin nan ta 1998 zuwa 2002 da duk Nijeriya ke kira Baby Boy, ai daga fim ɗin John Singleton na 2001 ta samo sunan, saboda irinta Tyrese Gibson ke yawo da ita a ciki. Mutane da yawa sun saye ta ba su ma san haka ba.

Da na girma, na gama difloma a foliteknik ɗin Dutse, na fara ɗan samun na kaina, sai na binciki Supra. Nan na san inda dare ya yi mini. Ɗaya daga cikin waɗanda aka yi fim ɗin da su, a 2021 aka yi gwanjonta a Amurka kan dala 550,000. Ita kuwa Nissan Skyline ta cikin 2 Fast 2 Furious na 2003, sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da motoci masu sitiyari a hagu. Ga kuma dokar Amurka da ke barin a shigar da motar waje in ta cika shekara 25, wadda ta sa masu kuɗinsu ke rububin tsofaffin motocin tseren Japan, farashi ya yi sama. Don haka na sauko daidai aljihuna: Honda Prelude.

Ga wanda bai san ta ba, Honda ta fara ƙera Prelude a 1978, ta daina a 2001, sai a 2025 ta farfaɗo da sunan da sabuwar ƙira mai haɗa fetur da lantarki. Wadda na ƙyalla ido a kai ƙirar 1998 ce, ja, mai giyar hannu, inji mai lita 2.2 da ake kira H22, ƙarfin doki 195. A Kano na gan ta, cikin Nuwamban 2022, a ajiye a wani gareji, ƙura ta lulluɓe ta. Dillalin ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba ta kowa ba ce, sai wanda ya san mota." Kai, wannan magana ta fasa mini kai! Ban kira bakanike ba, ban leƙa ƙarƙashinta ba. An tayar da ita na ji kuka, na zagaya layi ɗaya, na biya naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ban da la'ada. Cinikin biri a sama ke nan.

Ina na samo kuɗin? To, nan ne gizo ke saƙa. Shekara biyu muna kiwon bijimai biyu da Kawu, da niyyar in sun ƙosa a kai su kasuwar Sara a sayar, a haɗa mini lefe. An kai, an sayar, na karɓi kasona, na haɗa da ɗan abin da na tara. Maimakon kantin Kwari, sai na zarce gareji.

Da na shiga ƙauyenmu da ke bayan Gwaram, yara suka bi ni da gudu suna ihu. Baba yana zaune kan buzu a gindin darbejiya. Ya tashi ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwansa a baya.

"Mutum nawa take ɗauka?"

"Huɗu, Baba, in an matsa."

"Buhu nawa?"

Na yi shiru.

"Ina sauran ƙofofin?"

"Haka aka ƙera ta, Baba."

Ya ce, "Allah ya sanya alheri," ya koma kan buzunsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ban ji daɗinta ba. Na ji, ƙwarai ma. Da asuba bayan an idar da salla, in hunturu ya sauko, titin Birnin Kudu zuwa Kwanar Huguma babu kowa, sai in fita. Injin nan yana da wata dabara da Honda ta kira VTEC: a ƙaramin gudu bawul-bawul ɗinsa na buɗewa kaɗan-kaɗan, mota na tafiya salin-alin kamar ta malamin makaranta, da allurar juyin inji ta wuce 5,000 sai matsin baƙin mai ya tura wasu 'yan ƙusoshi su kulle, bawul su riƙa buɗewa sosai, iska da fetur su kwararo. Nan take murya ta canza, kujera ta tokare maka baya. Duwatsun Birnin Kudu, masu zanen mutanen da, suna wucewa ta gefe kamar ana janye labule. A wannan 'yan daƙiƙu, ni ne jarumi, ni ne darakta.

Sai dai ko a lokacin akwai abin da ke sa ƙafata ta yi sanyi a kan totur. Duk mai son finafinan Hausa ya san yadda muka rasa Balaraba Muhammad a hatsarin mota a 2003, da Ahmad S. Nuhu ranar 1 ga Janairun 2007 a wajen Azare, nan kusa da mu, yana hanyar Maiduguri. Allah ya jiƙansu. Shi kansa Paul Walker a cikin mota ya mutu a Nuwamban 2013, wani abokinsa na tuƙi. A fim, kafin a yi tsere sai an tare titi, an tanadi direbobin wasa da motar asibiti. A titinmu kuwa akuya ce, da amalanke, da ɗan acaɓa mai ɗauke da mutum uku.

Wata na uku wahala ta fara sallama. Motar tsere an ƙera ta ne ƙasa-ƙasa don ta kama titi, to kowane tudun rage gudu a cikin gari sai na hau shi a karkace, ina ji ƙarƙashinta na gurzar siminti kamar a haƙorina. Hanyar ƙauyenmu ta burji ce. A can na bar salansa har sau biyu. Sannan baƙin mai. Tsohon H22 ya yi suna wajen shan baƙin mai, tawa kuwa kamar da gayya, galan ba ya rabuwa da but ɗina.

Babbar ta faru ne a Maris na 2023, tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Ina cikin tafiya inji ya yi tsit. Taimin bel ya tsinke. A wasu motocin sai a sa sabo a wuce. A wannan injin kuwa fistan da bawul wuri ɗaya suke shiga, bel ɗin ne ke raba musu lokaci. Da ya tsinke sai suka yi karo, bawul suka lanƙwashe. Bakaniken da ya buɗe, wanda ya ƙware a Golf da Sharon na haya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, tsakani da Allah ban taɓa buɗe irin wannan ba." Na gode masa da ya faɗi gaskiya. Sau huɗu ina zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kan inji. Kayan Accord da Civic ga su nan tuli, amma da ka ce Prelude sai a ce ka dawo jibi, za a tambaya a Legas. Sati bakwai tana jibge, ina hawa motar haya da makullinta a aljihu.

Ta tashi ke nan ba da daɗewa ba, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. VTEC ɗin da nake taƙama da shi ya koma abin da nake tsoron takawa. A gidan su wadda zan aura kuwa, Baffanta ya aiko a tambayi Baba, cikin ladabi, ko an fasa ne.

Duk wannan da sauƙi, mai karatu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wani dare cikin Agustan 2023. Na je gida kwana, ana ta ruwa tun magariba. Wajen ƙarfe ɗaya ƙanwata ta buga mini ƙofa: "Yaya, fito, Inna ba lafiya!" Na tarar da ita numfashi na yi mata wuya, ba ta iya zama, ba ta iya miƙewa. Baba ya ce a tafi Birnin Kudu, asibitin tarayya. Na ruga na kawo mota ƙofar gida.

Sai a sannan na ga abin da Baba ya gani tun ranar farko. Don a shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba, mutum ya sunkuya ya cusa kai. Ta yaya za a cusa mara lafiyar da ke ɗauke a hannun mutum uku? Muka gwada gaba, kujerar ta yi ƙasa da yawa, kuma babu inda mai riƙe ta zai zauna. Ko da ma ta shiga, kwatar da ke bakin gari ta cika, na san motar ba za ta haye ba. Muna tsaye cikin ruwa, fitilunta masu kyau na haska mu. Baba bai ce mini komai ba. Ya juya ya ce wa ƙanena, "Je ka taso maƙwabci."

Tsohuwar Golf ta maƙwabcinmu, wadda ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, wadda na sha yi wa dariya, ita ta kwashi Inna da Baba da mata biyu, ta keta ruwan nan ta wuce. Ni a bayan babur ɗin ƙanena na bi su. Alhamdu lillahi, an karɓe ta a kan lokaci, ta kwana shida aka sallame ta. Amma daren nan da na yi a barandar asibiti, jiƙe sharkaf, ba na fatan maƙiyina ya yi irinsa. Da maƙwabcin nan ya yi tafiya fa?

Ban ce kada ka saya ba. Motocin nan ƙira ce ta gaske, kuma son abu mai kyau ba laifi ba ne. Amma in zuciyarka ta nace, ga abin da na saya da tsada, na ba ka kyauta. Ka je da bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin, ka je da sassafe kafin a ɗumama ta, ka tsaya a baya ka ga hayaƙi. In shuɗi ne, baƙin mai take ƙonawa. A ɗaga ta ka ga ƙarƙashi, don wadda ta zauna a ƙasar ƙanƙara gishirin titi ya ci ta. Ka gwada lambar shasi da ta takardar kwastan, domin tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 motocin Kwatano da yawa ta daji suka shigo. Ka guji wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. In Prelude ce ta waɗannan shekarun, nemi mai giyar hannu, mai canza giya da kanta ta yi ƙaurin suna. Ranar da ka saya, ranar za ka canza taimin bel, ko mai ita ya rantse sabo ne. Ka ware kuɗin gyara tun kafin ka biya. Sama da komai, kada ta zama ita kaɗai ce motar gidanku, kuma kada ka taɓa kuɗin da aka yi wa suna.

A farkon 2024 na sayar da ita, da asara. Aka yi biki bayan ƙaramar salla, akwatunan lefe kuwa a Golf ɗin maƙwabci aka kai su. Wanda ya saya wani yaro ne daga Kano, bai fi shekara 22 ba. Na zaunar da shi na karanta masa komai: baƙin mai, salansa, Ƙofar Ruwa, har daren Inna. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan motar. Da na gama sai ya ce, "Yaya, don Allah ɗan taka ta in ji kukan nan."

Na shiga, na taka masa.