Abin da Kiwon Alfaka Ya Nuna Mini

Mutane kan tambaye ni me ya fitar da dattijo irina daga birnin Columbus, inda na ƙare ƙarfina a aikin ofis, ya kai ni ƙauye a jihar Ohio ina kiwon alfaka. Amsar gajeriya ce: hayaniya ta ishe ni, uwargida kuma tun tana yarinya take son kaɗi da saƙa.

Alfaka dangin raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, nauyinta kuma bai cika wuce kilo 80 ba. Asalinta tsaunukan Andes ne, kuma har gobe Peru ce ta fi kowace ƙasa yawanta, musamman yankin Puno, inda makiyaya suka gaji kiwonta kaka da kakanni saboda gashinta. A 1984 aka fara shigo da ita Amurka da yawa, a 1998 kuma aka daina yi wa waɗanda ake kawowa daga waje rajista. Dabba ta yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Na ga lokacin da ake sayen mace guda mai ciki dala dubu 20 ba tare da an yi ciniki mai tsawo ba.

Tun a lokacin abin yana damuna. Gashin da ake aske wa alfaka a shekara bai fi kilo biyu zuwa huɗu ba, kuma kuɗinsa da ƙyar yake biyan ciyawa da likitan dabbobi. To ina ribar take? Ribar tana aljihun sabon shiga. Kowa yana kiwo ne don ya sayar wa wanda zai yi kiwo don ya sayar wa wani. Da tattalin arziki ya karye a 2008, masu saye suka ɗauke ƙafa, dabbar dubban daloli ta koma ta ɗaruruwa, wasu ma kyauta aka riƙa bayarwa. Na san ma'auratan da suka zuba kuɗin fanshonsu kaf a ciki. Har yau in na tuna su sai zuciyata ta sosu, domin mutanen kirki ne, an dai sayar musu da buri ne.

Waɗanda suka rage su ne waɗanda suka yarda da tafiyar dabbar. Alfaka takan yi wata 11 da rabi da ciki, ta haifi ɗa guda, shi ke nan sai baɗi. Ba dabarar da za ta rage wannan. In kana son sanin ko barbara ta kama, sai ka kawo mata namiji bayan mako biyu. Idan ta durƙusa, da saura. Idan kuwa ta kwantar da kunnuwa ta tofa masa koren tuƙa a fuska, sai ka yi hamdala. Yawanci da hantsi take haihuwa. Uwar ba ta lashe ɗanta, don haka in ana sanyi kai ne za ka goge shi da tawul, ka ja gefe ka tsaya har ka ga ya miƙe bisa dogayen ƙafafun nan masu rawa ya sha dakashi.

Sauran aikin kullum ne. A yankinmu barewa na yaɗa wata tsutsa ta hanyar dodon koɗi, mai shiga laka ta shanye ƙafafun dabba, shi ya sa ake allura duk wata. Aski dole a yi shi kafin zafi ya shigo, in ba haka ba gashin da ke kare ta daga sanyi shi zai kashe ta. Kashinsu wuri guda suke tarawa, kuma masu lambu na neman takin.

Mu abin da ya riƙe mu shi ne zare. Muna kai gashin ƙaramar masaƙa a kaɗe, uwargida ta saƙa huluna da safa, mu kai kasuwar manoma ranar Asabar. Bai mai da mu masu kuɗi ba, amma garken yana ci da kansa.

Kai da ke shirin barin birni saboda wannan dabba, ka fara zuwa wata gona ka yi aikin aski da kwasar taki kafin ka fitar da ko sisi. Ka tambayi mai gonar nawa ya samu a gashi bara, ban da cinikin 'ya'ya. Kuma kada ka sayi guda ɗaya, domin kaɗaici na sa ta rama. Ka fara da uku.