Kafin ku sa kiɗa, ku saurari Mallawa



Yaranmu na lise sun fara haɗa fim da wayar hannu, kuma abin a yaba ne. Amma ku lura da minti ɗaya na farko: kusan duka da kiɗan fiyano suke buɗewa, irin wanda muka saba ji a finafinan Kano. Ido na Mallawa, kunne na Kano. Ni da aikina magana a rediyo, inda babu hoto ko ɗaya, abin yana damuna, don kunne ne ke fara gaya wa mutum inda yake.

Kwanan baya ɗalibai huɗu suka same ni da shirin ɗan gajeren fim. Labarin yaro ne da zai bar lakwal ya tafi ci-rani, uwarsa ba ta so. Buƙatarsu ɗaya, in zaɓo musu waƙa mai sa kuka da za ta buɗe fim ɗin. Na ce to, amma ku ɗauko kaye tukuna. Muka raba shafi gida uku: abin da ido ke gani, abin da kunne ke ji, da sakan nawa zai ɗauka.

Ga abin da ya fito. Sakan 10 na farko allo baƙi ƙirin, sai carar zakara da amon turmi daga nesa. Ba a rubuta komi ba, amma kowa ya san asuba ce a karkara. Sai hoto ya buɗe, uwa tana ɗaure guzuri. Ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, yaro ya ɗauki jaka. A nan suke son waƙar. Na ce a'a, ku bar babur ya tafi, ƙararsa ta yi ta raguwa har ta ɓace, uwar na tsaye sakan 6, ba kiɗa ba magana. Kiɗa sai sunan fim ya fito, shi ma gurmi ɗaya tak.

Ɗayansu ya ce: "Yaya, ai mutane za su zaci waya ce ta lalace." Yana da hujja. A rediyo in aka yi shiru na ƴan sakanni, mai sauraro sai ya fara jijjiga akwatinsa. Shi ya sa shirun fim ba kashe sauti ba ne. Kafin ku bar wurin ɗauka, kowa ya kame bakinsa, ku naɗi minti ɗaya na wurin kawai: iska, kaji, kukan akuya can nesa. Shi ake shimfiɗawa ƙarƙashin shirun lokacin montaj, sai mai kallo ya ji zaman gidan bayan tafiyar yaro.

Sauran ba ya cin kuɗi. Waya ɗaya ta ɗauki hoto, ta biyu a ɓoye ta kusa da mai magana. Ku tafa hannu sau ɗaya kafin a fara, da wannan tafin za ku daidaita murya da baki. In hunturu ne, ku sa wa wayar safa saboda iska. Ku jira injin niƙa ya tsaya. Kiɗa kuwa, ku je wajen makaɗi na gari, ku nemi izini, ku ba shi hasafi, ku rubuta sunansa. Waƙar da kuka ɗauko ba izini, Facebook ko YouTube na iya rufe mata baki.

Kuma ba mu ne farau ba. Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Moussa Hamidou ya yi shekaru yana ɗaukar sauti wa Jean Rouch, sana'arsa ke nan, saurare. A 2021 ƴar Damagaram Aïcha Macky ta kai muryoyin unguwar Kara-Kara duniya cikin fim ɗinta Zinder.

Turmin nan ma, injin niƙa na neman maye gurbinsa. In ba mu naɗi amonsa yanzu ba, jikokinmu za su ga hoton Mallawa amma ba za su ji ta ba. Don haka iyaye, in kun ga yaro tsaye da waya a bakin rijiya ya yi tsit, kada ku kore shi, aiki yake.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya maido da na ci-rani gida lafiya.