Kududdufin Goggo a Nguru

Uwargida, da a ce ranar da na sauka gidan Goggona a Nguru an miƙo mini shebur, da kafin magariba na cike ɗan kududdufin da ke bayan ɗakinta da ƙasa. Biki ne ya kai mu, cikin watan Janairu, hunturu na kaɗawa. Muna tsakar gaishe-gaishe na waiga ban ga autana ba, shekararsa biyu. Na leƙa zaure, na leƙa madafa, sai can bayan ɗaki na hango shi a tsugune bakin ruwa, ya miƙa hannu zai kamo kwaɗo. Ban san lokacin da na sure shi ba.

Wurin bai fi faɗin tabarma biyu ba, zurfinsa iya gwiwa. Marigayi mijinta ne ya gina shi da siminti don ya zuba kifi. Sai dai ni ma'aikaciyar jinya ce, na san iya gwiwa ya isa, ruwan bokiti ma ya isa. Ƙaramin yaro kansa na da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa, idan ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu balle ki ji. Na zayyana wa Goggo wannan, na ƙara da sauro da tsargiya, murya na rawa. Ta bar ni na gama, ta karɓi yaron ta goya, ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yar nan. Amma gobe ki je bakin tafki ki dawo, sannan mu yi maganar cikewa."

Washegari da sassafe ɗanta ya kai ni. Idan ba ki taɓa zuwa ba, Nguru na jihar Yobe, nan layin dogon da ya taso daga Kano ya ƙare. Gari ne na rairayi da goruba, shi ya sa ganin ruwan ke ba baƙo mamaki: kina fita gari kaɗan sai ga shi shimfiɗe, bado ya rufe gefensa. Wani yanki ne na fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Najeriya.

Wani dattijo masunci ya ɗauke mu a kwale-kwalensa. Ga kirinjijiya garke-garke suna fito, ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Akwai kuma waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsallako Sahara daga Turai duk shekara, su yi sanyinsu a nan su koma. Saboda irinsu ne Yarima Filib, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona ta wajen Gashuwa a 1989. Ni da ko Dagonar ban taɓa takawa ba, sai na ji kunya ta kama ni.

Ba mu yi nisa ba hanya ta toshe. Kachalla ce, ciyawar nan mai tsawon da ya wuce mutum, ta yi katanga hagu da dama. Na ce, "Baba, haka wurin yake tun da?" Ya ce ina, yana yaro ruwa kan zo da damina ya malale, da rani ya janye ƙasa ta bushe, a yi noma. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan ya canza, wasu wuraren suka daina bushewa, kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Inda ta yi kauri ruwan baƙi ne, yana wari, kifi ba ya zama, sai sauro. Inda iska ke kaɗa shi kuwa, kina hango ƙananan kifaye suna wasa. Ya nuna mini wata jarkar maganin feshi da ke yawo a kan ruwa, ya girgiza kai bai ce komai ba.

Da na dawo gida na yi abin da ya kamata in yi tun jiya kafin in ɗaga murya. Na ɗauki farin kwano na kamfato ruwan kududdufin daga gefe, sau biyar a wurare daban-daban, ina dubawa a rana. Ban ga tsutsar sauro ko ɗaya ba. Sai na zagaya gidan. Bayan madafa akwai tsohuwar taya da fasasshiyar tukunya da ruwan wanke-wanke ke taruwa a ciki. Na kamfato, sai ga su fal suna mutsu-mutsu. Wato sauron da na zo ina zargin kududdufi da shi, a bayan madafa ake kiwonsa. Ƙananan karfasan da ke cikin kududdufin suna cinye tsutsar tun ba ta yi fiffike ba, taya kuwa ba mai ci. Da zafi, kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. Ki gwada wannan na kwano a gidanki yau, ki fara da ƙarƙashin randa da mazubin ruwan kaji.

Goggo ba ta ce "na gaya miki" ba, sai ta zaunar da ni ta nuna mini yadda take yi. Kullum da safe tana tsame ganyen darbejiyar da ya zuba da tsohon matankaɗi, don in ya ruɓe a ciki shi ke kawo wari, ya kuma shaƙe kifi. Ba ta taɓa kwashe ruwan duka. Duk mako takan ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku ta ba zogale da yakuwarta, ta mayar da sabo a hankali. In na famfo ne sai ya kwana a baho tukuna, saboda maganin da ake zuba masa yana cutar da kifi. Bado ta bar shi ya rufe rabi kawai, don a samu inuwa, sauran ta cire. Abincin kifi ɗan kaɗan take watsawa, abin da za su cinye nan take, ba ta zuba musu ragowar tuwo.

Abin da ya fi burge ni wani katako ne da ta jingina daga cikin ruwa zuwa baki, da 'yan duwatsu a gefe guda. Bangon siminti santsi gare shi. Ta ce ta taɓa wayar gari ta tarar da bushiya ta mutu a ciki, ta zo shan ruwa da dare ta kasa fita. Tun daga ranar ta sa katakon. Yanzu ƙadangare ko ɗan tsako in ya faɗa yana hawowa, kurciya da ƙudan zuma kuma kan sauka a kan duwatsun su sha ba tare da sun jiƙe ba.

Doka ɗaya gare ta da ko surukai ba ta ɗaga wa ƙafa: sabulu, omo, da ruwan wankin gidan sauro ba sa kusantar wurin. A nan na ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari. Maganin da ke jikin gidan sauro ba ya cutar da yaronki da ke kwance a ciki, amma kaɗan daga cikinsa na kashe kifi. In kin wanke naki, ki zubar da ruwan a ƙasa nesa da rijiya, tafki ko rafi. Haka ma mazubin maganin feshi, kada a ɗauraye shi a ruwan da wani abu mai rai ke sha.

Amma fa ban sakar mata komai da komai ba. Ruwan da ya yi wa kwaɗo daɗi ba shi ke nuna ya dace da yaro ba. Na ce jikoki su daina shiga, kuma kada a ƙara ɗebo bado ko ruwa daga tafki a zuba, don da su ake kwaso ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Mun ga yara masu iyo a bakin tafki da safen nan, na kuma san cikinsu ba za a rasa mai ganin jini a ƙarshen fitsari ba. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji. Ciwo ne, maganinsa na nan a asibiti, in an bar shi yana lalata mafitsara. Na kuma roƙe ta ta ware wa kajinta nasu ruwan a can gefe, kada su riƙa sha tare da tsuntsayen daji, saboda murar tsuntsaye.

Sai maganar da ta kawo mu. Na ce ko dai shinge ko shebur. Goggo ta yi shiru, ta dubi yaron da ke barci a cinyarta, ta aika a kira mai walda. Kafin a kai amarya an kewaye wurin da raga mai tsayi zuwa ƙirjina, da ƙofa mai sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A ƙasa an bar 'yar kafa da tafin hannu ke shiga, don bushiya da kwaɗi. Kuɗin ni da ita muka raba, ko da yake sai da muka yi ja-in-ja a kan hakan ma. Tayar kuma ɗanta ya huda ta ya cika da ƙasa, ta shuka na'ana'a a ciki.

Ranar da za mu taho, da asuba, na tsaya da autana a bayan ragar. Kurciyoyi biyu na kan duwatsu suna sha. Ya girgiza ƙofar da iya ƙarfinsa, ba ta buɗu ba, ya fashe da kuka, Goggo na daga ɗaki tana yi masa dariya.