Ƴar reno da goyo a bakin kwalta

Ni malamar makaranta ce nan Dogon Dutsi. Wata Juma'a, ranar kasuwa, na taso da wuri, sai na hangi ƴar renona tana ƙetare kwalta da ɗana a goye, ga manyan motocin Yamai da Ƙwanni suna wucewa, ga ƴan kabu-kabu. Gabana ya faɗi.

Da munka isa gida na rufe ta da faɗa. Ashe tasha ta tafi, ta ba wani direba jikka biyu ya kai ma uwarta can wajen Tibiri. Ta bari na gama, sannan ta ce: "Tanti, to yaushe zan je?"

Wallahi na rasa amsa. Tun asuba take aiki har bayan isha'i, kwana bakwai a sati. Kuma ni da kaina nakan aike ta niƙa ko sayen gawayi da yaron a bayanta, ban taɓa ganin laifi ba. Sai ranar da aiken ya zama nata.

Har yanzu ban yarda a ƙetare wannan hanya da ɗana ba, ko don aikena ne. Amma yanzu duk Juma'a, daga azahar zuwa la'asar, lokacinta ne. In buƙata ta taso mata tsakiyar sati, ta faɗa mini tukuna. Maigidana ya ce na sangarta ta. Na ce to shi ya riƙe yaron ran Juma'a mu gani.